Wa ke da dabarar tsayar da ƙasar nan da ke tafiya da mu?

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i 'yata ta zaunar da ni tana ba ni labarin abin da aka koya musu a makaranta. Wai ƙasar nan da muke takawa ba a tsaye take ba. Ɓawon duniya a tsattsage yake kamar na dafaffen ƙwan da aka ƙwanƙwasa, manyan faranti bakwai da ƙanana da yawa, kowanne yana tafiya a hankali, gwargwadon yadda farcen mutum ke tsiro. Inda suka gogi juna ko suka yi karo, nan ake samun girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta. Sai na ce mata, to me ya hana injiniyoyi su tsayar da su kowa ya huta? Ta ce malaminsu bai kai nan ba. Na yi mata alkawarin zan kawo maganar zauren nan. Kowa ya kawo dabararsa, ta raha ko ta gaske, masu ilimin abin su auna mana ita. Ni kafinta ne, don haka tawa ba ta wuce ƙusa ba: a samo mai tsawo a buga a tsakiyar kowane faranti.

Walda_Sai_Gwani:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ƙusa ta katako ce. Wannan aikinmu ne. A ba ni janareta mai ƙarfi da sandar walda tirela goma, in bi tsagar nan daga farko har ƙarshe. In ta sake buɗewa a zo a karɓi kuɗin aiki.

Jikar_Gyartai:
Duk ku matsa gefe. Tun kafin a san walda, wa yake ɗinke abin da ya tsage a ƙasar Hausa? Gyartai. Duniya ai babbar ƙwarya ce. A huda nan, a huda can, a bi ta da ɗinki.

Mai_Nazarin_Duwatsu:
Madalla da wannan tambaya, a gaishe da Ummi. Bari in fara da ƙusa tunda ita ta fara zuwa. Kaurin faranti ɗaya ya kai kimanin kilomita 100, wato ya fi nisan Kaduna zuwa Zariya, amma a tsaye, zuwa ƙasa. Ramin da ya fi kowanne zurfi da ɗan Adam ya haƙa yana yankin Kola a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, sai a 1989 ya kai mita 12,262, faɗinsa kuma santimita 23 ne kacal. Da suka kai can zafin ya kai digiri 180, dutsen ya fara yin laushi yana neman rufe ramin, dole aka haƙura. Shekara goma sha tara ke nan ba a ci ko kashi ɗaya cikin takwas na tafiyar ba.

Mu ɗauka ma an kai. A jikin me ƙusar za ta kama? Abin da ke ƙarƙashin farantin shi ma tafiya yake yi. Kamar ka kafa turke a cikin tuwo ne ka ɗaure sa.

Dan_Kurna:
Dakta, ashe dai ruwan wuta ne a ƙarƙashinmu, muna yawo a kai kamar kwalekwale?

Mai_Nazarin_Duwatsu:
A'a ƙanina, nan mutane da yawa ke kuskure. Dutse ne, ba ruwa ba. Sai dai zafi da nauyin da ke kansa sun sa yana malala a hankali cikin dubban shekaru, kamar yadda kwalta ke yin laushi a watan Afrilu, taya ya bar mata sawu alhali ba ta zama ruwa ba. Narkakken dutsen da ke fitowa daga duwatsu masu aman wuta ɗan kaɗan ne, a wasu wurare kawai yake taruwa.

Kwandastan_Hadeja:
Ku duk ba ku san mota ba. In babbar mota ta fara gangarowa ba birki, me ake yi? Waigi! A nemo ƙaton dutse a tokare farantin ta gaba, shi ke nan.

Mai_Nazarin_Duwatsu:
Wallahi Kwandasta ka kawo abin da aka riga aka gwada, sai dai ba mu muka gwada ba. Waigin da ya fi kowanne girma da aka taɓa sa wa faranti shi ne nahiyar Asiya sukutum. Indiya ta taho daga kudu da gudun da ya kai santimita 15 a shekara, ta yi karo da ita kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce. Ta rage gudu, amma ba ta tsaya ba, har yau tana kutsawa da santimita 4 zuwa 5 duk shekara. Wurin da aka yi karon ne ya tattare ya zama tsaunukan Himalaya. Tsaunin Everest mai tsawon mita 8,848, dutsen da ke ƙololuwarsa a ƙasan teku ya samu, har da burbushin halittun ruwa a ciki. Ka ga abin da ya faru da waigin.

Kwandastan_Hadeja:
To wa ke tuƙa motar ne haka? A yi masa magana ya ɗaga ƙafa.

Mai_Nazarin_Duwatsu:
Ba tura ta ake yi ba galibi, jan ta ake yi. Ka taɓa shanya jiƙaƙƙen bargo a kan katanga, gefe ɗaya ya fi sauka, sai ka ga ya zame ya ja sauran gaba ɗaya? Haka ne. Gefen farantin da ya tsufa a ƙasan teku yakan yi sanyi, ya yi nauyi, ya nitse cikin duniya, yana jan sauran a bayansa. Ƙarfin jan ana ƙiyasta shi da biliyoyin tan a kan kowace mita ɗaya ta bakin ramin, ramukan kuma dubban kilomita ne.

Birkila_Na_Gaskiya:
Ni dai a ba ni kwangilar cike tsagar da kankare. Buhu nawa ne?

Bagombe_74:
Birkila, bari in ba ka labarin da zai ba ka mamaki. Simintin da kake son cike tsagar da shi, wani daga cikinsa a tsohuwar tsaga aka samo shi. Lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suke rabuwa, sama da shekara miliyan 100 baya, ƙasa ta tsage ta ɓangare uku. Biyu suka buɗe suka zama Tekun Atlantika, na ukun ya shigo cikin Najeriya ya tsaya bai ƙarasa ba. Shi ne kwarin Binuwai, har ya miƙo reshe ta wajenmu a Gongola. Teku ta taɓa shigowa ta kwanta a ciki, ita ta bar farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka ana yin siminti. Na sha ganin katantanwar teku da ta zama dutse a wajen. Gishirin Keana da Awe ma a cikin wannan kwarin yake.

Jikar_Gyartai:
Ikon Allah. Ashe da ta ƙarasa da yanzu sai an hau jirgin ruwa daga Jos zuwa Jalingo. Kun ga dai akwai tsagar da ta tsaya. Wa ya ɗinke ta?

Mai_Nazarin_Duwatsu:
Hajiya, ba wanda ya ɗinke ta. Ƙarfin ne ya sami hanya mafi sauƙi ya bi ta can. Game da kankare kuwa, tsagar da ke ratsa tsakiyar tekunan duniya ta kai kilomita 65,000, kuma ita da kanta take cike kanta. Duk shekara sabon dutsen da ke fitowa ya daskare a wurin ya kai tan biliyan 60 ko kusa da haka. Simintin da duk masana'antun duniya ke yi a shekara bai wuce tan biliyan 4 da 'yan kai ba. Cikewar ba ta hana buɗewa.

Uwar_Biyu_Kitchen:
Ni tawa daban ce. Tunda kun ce maƙalewa suke yi sannan su fizge, to kar a tsayar da su, a sa musu yauƙi. A kaɗa miyar kuɓewa da karkashi tanka dubu a ɗura a tsagar, su riƙa zamewa salin alin ba girgiza.

Makaniken_Fanteka:
Hajiya ta fi ku duka kai. Sai dai baƙin mai ya fi kuɓewa jure zafi.

Injiniya_Bazazzagi:
Ku bar dariya, dabarar Uwar Biyu ce kaɗai a cikin waɗanda aka kawo da masana suka taɓa zama suka yi nazari a kai da gaske. A 1961 sojojin Amurka sun haƙa rijiya mai zurfi kusa da birnin Denver, a 1962 suka fara ɗura gurɓataccen ruwa a ciki, sai garin ya fara girgiza. Daga nan aka gane ruwa in ya shiga tsaga da ƙarfi yana rage riƙon da duwatsun suka yi wa juna. Tsakanin 1969 da 1973 masana suka je wani filin man fetur da ake kira Rangely a jihar Kolorado, suna ƙara matsin ruwa suna ragewa. In sun ƙara, ƙananan girgiza su yawaita, in sun rage su lafa. Har aka fara tunanin a riƙa sakin ƙarfin kaɗan-kaɗan kafin ya taru.

Abin da ya kashe maganar lissafi ne. Duk maki ɗaya da aka ƙara a ma'aunin girgiza, ƙarfin ya ninka kusan sau 32. Kafin ka sauke ƙarfin girgiza ɗaya mai maki 8, sai ka tayar da masu maki 6 guda 1,000, ko masu maki 4 guda miliyan. Mai maki 6 kuma tana rusa gari. Sannan ba ka da tabbacin ƙaramar da ka tayar ba za ta farkar da babbar ba. A Pohang ta Koriya ta Kudu, a 2017, ruwan da wata tashar samar da lantarki daga zafin ƙasa ta ɗura ya jawo girgiza mai maki 5.4, gidaje suka lalace, kwamitin da gwamnati ta kafa ya tabbatar da hakan. Garin neman gira a rasa ido.

Mai_Nazarin_Duwatsu:
In ƙara a kan ta Injiniya. Bayan girgizar Japan ta 11 ga Maris 2011, jirgin haƙa mai suna Chikyu ya je ya huda ƙasan teku har cikin tsagar. Abin da suka tarar yumɓu ne mai santsi ƙwarai. Santsin nan ne ya sa ƙasan tekun ya zame kusan mita 50 a lokaci guda, ya ɗaga igiyar ruwan da ta cinye garuruwa. Yauƙi ba kullum yake taimako ba, Hajiya.

Uwar_Biyu_Kitchen:
To na janye kuɓewata, a bar wa tuwo.

Malam_Na_Zaure:
'Yan uwa, ina karantawa tun ɗazu. Raha ba laifi ba ce, amma a yi hattara. Girgizar ƙasa aya ce, kuma mutane na mutuwa a cikinta. Kada wasa ya kai mu ga yin magana kamar muna iya ja da ikon Allah.

Baban_Ummi:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ka faɗa, kuma ba nufina ke nan ba. Ni kam duk amsar da Dakta ya bayar ƙara nuna min take yi ƙanƙantarmu.

Dalibi_A_Turkiyya:
Na so in yi shiru, amma maganar Malam ta taɓa ni. Ina Gaziantep ranar 6 ga Fabrairun 2023. Ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na asuba gadona ya fara buga bango. Ba zan iya kwatanta muku ƙarar ba, kamar jirgin ƙasa ya shigo ɗaki. Muka fito da kayan barci cikin sanyin da ban taɓa ji ba, wani ba ko takalmi. Maki 7.8. Da rana muna tsaye a fili wata ta sake zuwa, 7.5. Mutum sama da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da na Siriya. Akwai wanda muke cin abinci tare da shi da ban sake gani ba.

Ban ji haushin rahar nan ba, na yi dariyar waigi sosai. Amma abin da na gani da idona shi ne, gini biyu a layi ɗaya, ɗaya ya zube kamar an jera faifai, ɗaya ko gilashinsa bai fashe ba. Ƙasa ɗaya ce ta motsa a ƙarƙashinsu. Bambancin rodi ne da kankare da tsoron Allah wajen aiki.

Jikar_Gyartai:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, kai kuma ya ƙara kiyayewa, ɗana.

Malam_Na_Zaure:
Amin. Wannan ita ce maganar da nake so a ji. Ɗaure raƙumi ba ya hana tawakkali.

Birkila_Na_Gaskiya:
Maganar rodi ta shige ni. Mu da ba mu da girgiza ma gini na faɗo mana. Na taɓa barin wani aiki saboda mai shi ya ce a rage rodin ginshiƙi a kuma ƙara yashi. Bene hawa uku.

Yar_Mpape:
Wa ya ce ba mu da ita? A watan Satumban 2018 muna zaune a Mpape ƙasa ta riƙa motsi, kwanuka na ƙara a kan kanta, muka kwana a waje. Ba ta kai ta Turkiyya ba ko kusa, amma wanda ya ji ba zai manta ba.

Zango_Boy_Nima:
Mu ma a Ankara ta Gana tsofaffi na ba da labarin ta 1939, ta kashe mutane ta rusa gidaje. Har yanzu lokaci-lokaci ana jin ɗan motsi ta wajen Weija da Kasoa.

Injiniya_Bazazzagi:
Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ni nake ganin ya fi duk dabarun burgewa, don injiniyoyin da suka yi nasara ba su ce wa ƙasa tsaya ba, hanya suka ba ta. Bututun man Alaska, mai tsawon kusan kilomita 1,300, ya ratsa ta kan wata tsaga da ake kira Denali. Masu aikin sun san wata rana za ta motsa. Sai suka shimfiɗa bututun a karkace kamar tafiyar maciji, suka ɗora shi a kan dogayen ƙarafa masu santsi yadda zai iya zamewa hagu da dama. Aka gama a 1977, aka zauna jira. Ranar 3 ga Nuwamban 2002 girgiza mai maki 7.9 ta zo, ƙasa ta goce kusan mita 4 a ƙarƙashinsa. Bututun ya zame, bai fashe ba. Shekara 25 tsakanin shiri da ranar amfaninsa.

A Japan kuma ana cikin gina gadar Akashi Kaikyo girgizar Kobe ta 1995 ta raba ginshiƙanta biyu da kusan mita ɗaya. Aka gyara zane aka ci gaba, tsakiyar gadar ta tashi daga mita 1,990 ta koma 1,991. Manyan gine-gine da asibitoci kuwa ana ɗora su ne a kan matasan roba da ƙarfe, ƙasa ta yi rawarta a ƙasa, ginin na lilo a hankali a sama.

Makaniken_Fanteka:
Wannan ai shokozoba ce aka sa wa gida. Mun daɗe da sanin ta.

Dan_Kurna:
Bazazzagi ya yi magana mai ma'ana yau, a rubuta kwanan wata.

Injiniya_Bazazzagi:
Bakano, kai dai kawo taka dabarar mu gani, ko sai an ce akwai riba a ciki?

Dan_Kurna:
Ga ta: tunda zafi ne ke sa dutsen laushi, a kashe wutar. A tara masu ƙanƙarar Kano duka a sanyaya cikin duniya, komai ya daskare ya tsaya cak.

Mai_Nazarin_Duwatsu:
A bisa ƙa'ida taka ce kaɗai za ta yi aiki, Dan Kurna, don ranar da cikin duniya ya huce farantan za su tsaya. Sai dai zafin da ke fitowa daga cikinta a kowane lokaci ya kai terawat 47, ya ninka duk makamashin da 'yan Adam ke amfani da shi fiye da sau biyu, kuma tana fitar da shi shekara biliyan huɗu da rabi ba ta huce ba. Kusan rabinsa ma sabo ne, daga yuraniyom da makamantansa da ke cikin duwatsu. An taɓa yin ƙaramin irin aikinka a Iceland a 1973: narkakken dutse ya nufi tashar jiragen ruwan tsibirin Heimaey, suka yi watanni suna fesa masa ruwan teku har ya daskare, tashar ta tsira. Amma wannan harshen wuta ɗaya ne a sama.

Kuma ni ko an ba ni makunnin ba zan kashe ba. Motsin nan ne ke ɗaga tsaunukan da koguna ke gangarowa daga kansu, shi ke sabunta ƙasar noma, shi ke mayar da iskar kabon cikin duniya ya fito da ita a hankali yadda zafi ba zai yi yawa ba, sanyi ma haka. Duniyar Mars ba ta da farantai masu tafiya, Zahra ma haka. Ba wadda ake noma a cikinta.

Bakin_Binuwai_Garwa:
Dakta, amma akwai inda ɗan Adam ya sa bututu ya yi maganin abin cikin ƙasa. Tafkin Nyos a nan Kamaru, a watan Agustan 1986 ya saki iska ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobinsu cikin dare ɗaya. Daga 2001 aka sa bututu yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan. Ba irin dabarar Uwar Biyu ba ce wannan?

Injiniya_Bazazzagi:
Tunanin ɗaya ne, girman ne ba ɗaya ba. Tafkin zurfinsa kimanin mita 200 ne, ana iya kaiwa gindinsa. Girgiza kuwa tana tasowa daga kilomita 10, 20 ko fiye.

Uwar_Biyu_Kitchen:
Kun ji dai, an dawo kan maganata. Kuɓewa na nan a ajiye.

Baban_Ummi:
Na karanta wa Ummi komai. Ta fi son labarin bututun Alaska, ta ce ita ma injiniya za ta zama. Amma ta ce in tambayi Dakta, mu nan ina muka nufa?

Mai_Nazarin_Duwatsu:
Arewa maso gabas, santimita 2 da ɗoriya duk shekara. Na'urorin GPS suna auna shi. Ostireliya da ke gudun santimita 7 har sai da ta gyara lambobin taswirarta da kimanin mita 1.8, don ƙasar ta bar inda taswira ta ce take.

Kwandastan_Hadeja:
Arewa maso gabas? Ai alƙibla ke nan! Kar wanda ya taɓa birki, a bar mota ta tafi, Makka muka nufa kyauta.

Dan_Mai_Wurno_Sudan:
Ɗan uwa, kar ka ɗaura harami tukuna. Makka ma tafiya take yi, kuma ta fi mu sauri. Farantin Larabawa yana rabuwa da na Afirka, Bahar Maliya na ƙara faɗi da kimanin santimita ɗaya a shekara. Kakana ya ƙetare ta daga Sawakin bayan ya tako da ƙafa tun daga ƙasar Sakkwato. Tekun da zan ƙetara ta fi tasa faɗi da kusan tsawon sandarsa.

Walda_Sai_Gwani:
To wannan tsagar ce ya kamata a fara da ita. Hajiya Jikar Gyartai, ki kama ta Jidda, ni in kama ta Fot Sudan, mu haɗu a tsakiya.

Jikar_Gyartai:
Sai dai in Birkila zai biya kuɗin jirgi.